KASHMIR: Abin Da Kyamarar Indiya Ba Ta Nuna Mana Ba

Mai karatu, in dai ka taɓa zama gaban bidiyo ka kalli fim ɗin Indiya, to ka san wurin nan ko da ba ka san sunansa ba. Saurayi da budurwa suna cikin gari mai ƙura da hayaniya, ana sakin kiɗa sai kawai ka gan su a kan wani koren tsauni, furanni ja da rawaya sun malale ƙasa, can baya kuma duwatsu sun naɗa farin rawani na ƙanƙara. Yarinya ta ruga, yaro ya bi ta, ta laɓe bayan bishiya, ya leƙo. Sau da yawa, musamman a tsofaffin finafinai, wannan wuri Kashmir ne, can ƙuryar arewacin Indiya, a cikin duwatsun Himalaya. Irin wannan gani ne ya sa daraktocinmu suke kwasar 'yan wasa zuwa Tiga ko duwatsun Jos in za a ɗauki waƙa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A watan Afrilun 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, na raka wani ɗan'uwana asibiti a Delhi. Da jiki ya yi sauƙi, likita ya ba mu mako guda kafin mu koma, sai na ce wannan dama ba za ta wuce ni ba. Na hau jirgi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, sai ga ni a Sirinagar, babban birnin kwarin Kashmir. Otal ban sauka ba. Wani magidanci da ke ba baƙi hayar ɗakunan saman benensa shi ya karɓe ni, kuma a gidansa na ga abin da waƙar minti biyar ba ta isa ta nuna ba.

LOKACIN DA BA SHI DA SUNA A HAUSA

Mu dai mun san rani da bazara da damina da kaka, ga kuma hunturu. Wasu in za su fassara wannan lokaci na ƙasashen sanyi sai su ce bazara. To amma bazararmu ai zafi ce, lokacin da ake kwana a tsakar gida ana fifita, ana duban gabas ko hadari zai haɗo. Tasu kuwa fita ce daga sanyi. Da yaren Kashmir suna kiranta Sonth, da Urdu kuma bahar, kalmar nan da kunnenka ya saba ji a waƙoƙin Indiya. Tana kamawa daga Maris zuwa Mayu. Ranar da na bar Delhi gumi nake yi, kuma na san Kano a lokacin ma'aunin zafi yana taɓa 40. A Sirinagar da rana bai wuce 20 ba, da dare kuwa ƙasa da 10. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,600, ya fi Jos da wajen mita 400. Ni ina ta rawar ɗari cikin rigar sanyi biyu, su kuwa yaran gidan suna ta murna wai gari ya yi ɗumi!

Ba za ka gane murnar tasu ba sai ka ji abin da suka fito daga ciki. Daga 21 ga Disamba suke shiga kwana 40 da suke kira Chillai Kalan, wato babban sanyi. Bayansa sai wasu kwana 20 na ƙaramin sanyi, sannan kwana 10 na autan sanyi. Kwana 70 ke nan cur. A tsakiyar wannan lokaci ruwa yana daskarewa a cikin bututun famfo, bakin tafki ya zama ƙanƙara, wutar lantarki ta riƙa wasan ɓuya, babbar hanyar da ta haɗa su da Jammu ta toshe na kwanaki. Makarantu ana rufe su tun Disamba, sai farkon Maris a buɗe. Yini gajere ne, bai fi awa goma ba. Iyali duka sai su tattaru a ɗaki ɗaya, kaka da jikoki da surukai, kowa ya zura wata doguwar rigar ulu mai faɗi da suke kira feran, maza da mata duk ita ce. A ƙarƙashin rigar kuma kowa yana rungume da kangiri, wani ɗan kaskon wuta na yumɓu da aka saƙa masa kwando a jiki. Ka tuna kaskon da tsofaffinmu suke sawa a ɗaki da hunturu? To su nasu da shi suke yawo, har kasuwa.

Abinci ma sai wanda aka tanada. Tun da kaka mata suke yanka tumatir da yalo da duma da wani abu mai kama da rogo-rogo da ake kira tanif, su shanya, su rataye a jikin bango, kamar dai yadda matanmu suke yin kauɗa da busasshiyar kuɓewa. Uwargidan mai masaukina ta ce wata uku ana cin busasshen abu, har ran mutum ya riƙa mafarkin ɗanyen ganye. Shi ya sa ranar da aka fara dafa sabon ganye a gida, yara har tsalle suke yi.

SAFIYA A GIDAN MAI MASAUKINA

Mutanen kwarin Kashmir mafi yawansu Musulmi ne, kiran sallar asuba ne ya tashe ni tun daren farko. Masallacin unguwar yana da wani ɗaki da ake hura wuta a ƙarƙashin daɓensa na dutse, ga ruwan alwala mai ɗumi. Daga masallaci maza ba gida suke wucewa ba, sai shagon mai gasa gurasa, wanda suke kira kandur. Kowace unguwa da nata. A nan ake layi, a nan ake jin labarin gari, tamkar teburin mai shayi a wurinmu. Kowa ya ɗauko gurasarsa da zafinta a kwando ya nufi gida.

Shayin ne ya ba ni mamaki. Launinsa ruwan hoda, kuma gishiri ake sa masa maimakon sukari, da madara da ɗan abin da ya yi kama da kanwa, wanda shi ke juya masa launi. Sunansa nun cai. Kurɓar farko na ɓata fuska, yara suka tuntsire da dariya, kakarsu ta daka musu tsawa ta ce ba a yi wa baƙo dariya. Kafin kwana uku ni da kaina nake miƙa kofi a ƙara mani. Akwai kuma kahwa, mai zaƙi, da za'afaran da kirfa da 'ya'yan badam, shi ake ba baƙo. Dukkansu a cikin wata babbar butar tagulla ake dafawa, mai bututun gawayi a tsakiyarta. A ƙasa ake zama kan kilishi a jingina da matashi, a ci da hannu, yara suna kiran mahaifiyarsu Moj, ni kuma maigidan ba ya buɗe baki sai ya ce mani Janab, wato kamar ranka ya daɗe.

Makon da na yi, gidan bai zauna ba. An fito da barguna da katifu an baza a kan baranda su sha rana. An ɓare ledojin da aka lilliƙe tagogi da su don tare iska. An kwance murhun ƙarfe da bututun hayaƙinsa an kai ɗakin ajiya. Maigida ya hau rufin kwano yana duba inda nauyin ƙanƙara ya lanƙwasa. Uwargida da surukarta suna bayan gida da 'yar fartanya suna gyara fadamar gida, domin da wuya ka ga gida mai ɗan fili da ba a shuka hak ba, wani ganye da suke ci da shinkafa kusan kullum, yadda muke da kuka. Kaka ce kaɗai ta ƙi rabuwa da kangirinta. Ta ce ita ta ga shekaru da yawa, ta san sanyi maƙaryaci ne, yakan yi sallama ya dawo.

KOWA YA FITO WAJE

Alamar farko ta Sonth ita ce furen badam. Akwai wani tsohon lambu a gindin dutsen Hari Parbat mai suna Badamwari, a watan Maris bishiyoyinsa suke yin fari fat da fure tun kafin su fitar da ganye. Mai masaukina ya ce tun zamanin kakanninsa, in badam ya yi fure sai iyalai su ɗauki butar shayi da gurasa su tafi can su yini. Na iske furen ya kaɗe, amma na samu na tulif.

Lambun tulif na Sirinagar an buɗe shi a 2007, faɗinsa kamar hekta 30, tsakanin tsaunin Zabarwan da tafkin Dal. Furanni fiye da miliyan ɗaya da rabi, an jera su layi-layi, ja, fari, rawaya, shunayya, kai ka ce an shanya atamfofi. Abin tausayin shi ne duk wannan kyau bai wuce wata guda ba, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Afrilu, sai a rufe ƙofa sai baɗi. Baƙi daga Mumbai da Kolkata sun cika wurin, ma'aurata suna ta kwaikwayon tsayuwar 'yan fim ana ɗaukarsu hoto.

Ranar Lahadi kuwa iyalan gidan suka ce in zo mu je Nishat. Wannan lambu ne na zamanin sarakunan Mughal, an gina shi a 1633, hawa-hawa har goma sha biyu, ruwan dutse yana gangarowa ta tsakiyarsa. Kusa da shi akwai Shalimar, wanda Sarki Jahangir ya gina a 1619. Mun tafi mu tara a mota ɗaya, da tukunyar shinkafa da ta nama da kilishi. Aka shimfiɗa a gindin wata ƙatuwar bishiyar cinar, wadda kaurinta zai tuna maka da kuka. Abin da na lura da shi, 'yan gari ba hoto ya kawo su ba. Rana suka zo sha. Tsofaffi sun miƙe ƙafa sun juya baya ga hantsi, jarirai an tuɓe musu huluna, 'yan makaranta da malamansu suna watsa wa juna ruwa. Mu da muke gudun rana muna neman inuwa, ga wasu bayin Allah suna bin ta kamar ƙadangaru. Ikon Allah ke nan.

Samari kuwa kurket ne ya ɗauke musu hankali. Duk filin da ƙanƙara ta bari, ko lungu ne ko gona, an kafa sanduna uku ana buga ƙwallo. Katakon bugun ma a nan ake sassaƙa shi, daga wata bishiya da ke fitowa a bakin ruwa. In ka bi hanyar Anantnag za ka ga an jibge su a kan rufin shaguna suna bushewa.

Ranar Juma'a muka yi salla a Hazratbal, farin masallacin nan mai ƙubba a bakin tafkin Dal. Bayan an idar, harabar ta zama kasuwa da wurin zumunci. Ana soya saiwar bado da ƙullu, ana sayar da wata gurasa mai faɗin faifai da alewa a kai. Mata sun zauna ƙungiya-ƙungiya a kan ciyawa, waɗanda sanyi ya raba wata uku suna tambayar juna wa ya haihu, wa ya rasu, wa za a aurar. Domin daga yanzu ne ake shiga lokacin bukukuwa, inda ake yin wazwan, girkin da kan kai kala 36, mutum huɗu-huɗu a faranti ɗaya na tagulla.

A BAYAN FUREN AKWAI TUWO

Duk abin da mai kallon fim yake gani ado ne, a wurin ɗan Kashmir abinci ne. Da muka fita bayan gari zuwa Pahalgam, gonaki sun yi rawaya shar iyakar ganinka, irin furen nan da ya yi suna a Dilwale Dulhania Le Jayenge. Sarson ke nan, ana matse mai daga 'ya'yansa kamar riɗi. A watan Mayu za a girbe shi a saki ruwa a dasa shinkafa. Gonakin tuffa kuma sun yi fari da fure. Fiye da kashi 70 cikin 100 na tuffar Indiya daga wannan yanki take fitowa, kuma duk amfanin shekara yana rataye ne a kan wannan fure mai rauni. Direbanmu, wanda mahaifinsa manomin tuffa ne, ya ce in hadari ya haɗo a watan Afrilu babansa ba ya iya cin abinci, don ruwan ƙanƙara na minti goma ya isa ya kakkaɓe kuɗin makarantar yara da kayan ɗakin 'yar da za a aurar.

A hanya muka tsaya cik, garken tumaki da awaki sun cika titi. Makiyaya ne da ake kira Bakarwal, dogaye masu rawani da gemu, mata da yara a kan dawaki, da tukwane da tanti, har da kaji a ɗaure. Sun yi hunturu a ƙasan Jammu, yanzu suna hawa tsaunuka inda sabuwar ciyawa ta tsiro, tafiyar makonni a ƙafa. Wallahi sai na ga kamar Fulaninmu ne suke dawowa daga mashekari.

A tafkin Dal ma haka abin yake. Wannan kwalekwale mai rumfa da ake kira shikara, wanda Shashi Kapoor ya tuƙa a Jab Jab Phool Khile na 1965, shi ne motar mutanen da ke zaune a kan ruwa. Da shi yara suke zuwa makaranta. Da asuba akwai kasuwar kayan miya a tsakiyar tafkin, kwalekwale na gogar kwalekwale, kafin hantsi an watse. Kayan kuwa a kan ruwan ake noma su, a wasu gonaki da ake saƙawa da ciyawa da laka suna yawo a saman tafki.

Ruwan da ke raya su yakan kuma yi musu ɓarna. In ƙanƙara ta narke aka haɗa da ruwan sama, kogin Jhelum da ya ratsa birnin sai ya cika ya batse. Ranar 16 ga Afrilun 2024 wani kwalekwale ya kife a cikinsa da safe, aƙalla mutum shida suka rasu, ciki har da yara 'yan makaranta. Garin ya yi tsit, Allah Ya jiƙansu. Rashin ƙanƙarar kuma shi ma tashin hankali ne. A watan Janairun shekarar, tsaunin Gulmarg da aka sani da fari fat ya tsaya tsirara har kusan ƙarshen wata. Ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu ita ce rumbun ruwansu, ita ke narkewa a hankali ta shayar da shinkafa da tuffa. Ashe sanyin da suke kuka da shi, in bai zo ba kukan ya fi yawa.

ME YA KORI 'YAN FIM?

Daga shekarun 1960 zuwa na 1980, Kashmir ce gidan 'yan fim na biyu. A nan Shammi Kapoor ya yi Junglee a 1961 da Kashmir Ki Kali a 1964, kuma saboda son da yake yi wa wurin, da ya mutu a 2011 an zuba tokarsa a tafkin Dal. A Gulmarg har yau ana nuna ɗakin katakon da Rishi Kapoor, wanda 'yan kallonmu suka laƙaba wa Mace, ya yi waƙa a fim ɗin Bobby na 1973. Kusa da Pahalgam akwai wani kwari da sunansa na asali ya ɓace, kowa Betaab yake ce masa, saboda fim ɗin 1983 da ya fito da Sunny Deol, ɗan Sarkin Ƙarfi Dharmendra.

To amma tun 1947 Indiya da Pakistan suke jayayya a kan yankin. A 1989 rikici ya ɓarke da makamai, dubban mutane suka hallaka, aka rufe gidajen silima, 'yan fim suka tattara kayansu. Da yawa daga cikin tsaunukan da ka gani a finafinan shekarun 1990 na Suwizalan ne, inda Yash Chopra ya mai da sansaninsa. Daga baya aka fara dawowa. Shi Yash Chopra ya zo da Shah Rukh Khan a Jab Tak Hai Jaan na 2012, fim ɗinsa na ƙarshe, Salman Khan ya yi Bajrangi Bhaijaan a 2015, a Satumbar 2022 kuma aka buɗe sabon gidan silima a Sirinagar. Duk da haka, kusan kowace mahaɗar hanya da na wuce akwai soja da bindiga, kuma in hira ta gangaro kan siyasa sai maigida ya ce in ƙara shayi.

Shekara guda bayan tafiyata, ranar 22 ga Afrilun 2025, 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a wani fili na shaƙatawa a saman Pahalgam, yawancinsu baƙi masu yawon buɗe ido, har da wani ɗan gari mai hayar doki. A watan Mayu ƙasashen biyu suka yi kwana huɗu suna musayar wuta kafin a tsagaita. Baƙi suka watse a daidai lokacin da mai kwalekwale da mai doki da mai ɗakin haya suke sa ran samun na shekara. Talaka dai a ko'ina shi ne a ƙasa.

GA MAI NIYYA

In Allah Ya kai ka Indiya, karatu ko kasuwanci ko jinya, kuma ka ji labarin gari lafiya, makon farko ko na biyu na Afrilu ya fi dacewa. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safa. Layin waya na kati da ka saya a Delhi ba ya aiki a can, sai mai biyan kuɗi a ƙarshen wata. Tun Yunin 2025 jirgin ƙasa ya fara shiga kwarin, yana bi ta kan gadar Chenab mai tsayin mita 359 daga ruwa. Abincin halal da masallaci kuwa ba sai ka nema ba.

Ku kuma masu shirya mana finafinai, ga tsarabarku. Mun daɗe muna aron tsauni da fure da guje-guje a bayan bishiya. Amma abin da ya fi taɓa zuciya a Kashmir shi ne tsohuwa ta miƙe ƙafa a hantsi bayan kwana 70 a ɗaki, da manomi yana duban sama gabansa na faɗuwa. Mu ma muna da irin wannan rana: ranar ruwan farko, da ƙamshin ƙasa, yara sun fita tsirara suna tsalle, maigida ya ɗauko irin da ya ɓoye, uwargida tana tara ruwa a randa. Wa zai ɗaukar mana wannan? Muna jira mu gani a kasuwa.

Allah Ya zaunar da Kashmir lafiya, mu ma Ya zaunar da mu lafiya, amin.